Shekarar Ummu Salama Da Shekarar Ƙanwata



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, 'yan'uwana matasa, yau labarin gidanmu zan ba ku, domin na san a cikinku akwai masu jiran irin takardar da ƙanwata ta jira.

Na daɗe ina karantar da Sira a Islamiyya, kuma kowace shekara nakan iso kan hijirar Ummu Salama, Allah Ya ƙara mata yarda. Ta fito daga Makka da mijinta Abu Salama da ɗansu ƙarami, sai danginta suka tare raƙumin suka riƙe ta, dangin miji kuma suka karɓe yaron, miji ya wuce Madina shi kaɗai. Kusan shekara guda tana fita gefen gari tana kuka. Nakan karanta wannan in wuce, a jarrabawa in tambayi ɗalibai sunayen dangogin. Ban san nauyin shekarar nan ba sai a 2020.

Mijin ƙanwata ɗan unguwarmu ne. Karatu ya kai shi Amurka, ya samu aiki, ya daɗe har ya zama ɗan ƙasa, sannan ya dawo gida aka ɗaura aure. Da Allah Ya ba su ɗa namiji, yaron ya samu fasfon Amurka ta wajen ubansa. Uwar kuwa sai ta bi layin bizar iyali. Miji ne yake fara shigar da takardar da ake kira I-130, in an amince a biya kuɗaɗe, a kawo shaidar aure da shaidar samunsa da takardar 'yan sanda, a je gwajin likita, sannan a kira mace ganawa. Kusan shekara biyu suka yi a kan wannan hanya.

Ana dab da kiranta, ranar 31 ga Janairun 2020, Shugaba Donald Trump ya sanya hannu a kan wata sanarwa da ta dakatar da bizar zama ga 'yan Najeriya da Eritiriya da Kirgistan da Myanmar, ta fara aiki ranar 21 ga Fabrairu. Dalilin da aka bayar shi ne gazawar waɗannan ƙasashe wajen tantance takardun shaida da musayar bayanan tsaro. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne sanarwar ba ta taɓa bizar ziyara da ta karatu ba. Mai zuwa yawon buɗe ido zai iya shiga, matar aure mai son zama da mijinta ita ce aka tsayar.

A farkon watan Maris ta je ganawarta. Jami'in bai ci mata fuska ba, bai kuma ce ya ga aibu a takardunta ba. Ya miƙa mata wata takarda mai ambaton sashe na 212(f) na dokar shige da fice, wato sashen da ya bai wa shugaban ƙasa ikon dakatar da shigowar wani rukuni na baƙi, ya ce za a duba ko ta cancanci sassauci. Bayan 'yan makonni cutar korona ta rufe ofisoshi, muka shiga jiran da ba mu san ƙarshensa ba.

A nan ne na zauna na karanta tarihin abin. Tun 27 ga Janairun 2017 aka fara, da ƙasashe 7: Iran, Iraƙi, Libiya, Somaliya, Sudan, Siriya da Yaman. A watan Satumba na shekarar aka fito da sabon jeri da ya haɗa da Cadi, aka cire ta a Afrilun 2018. Ranar 26 ga Yunin 2018 Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar wa shugaban ƙasa wannan iko, alƙalai 5 suka amince, 4 suka ƙi.

Shi kuwa sassaucin, a wancan lokacin sharuɗɗa uku ke gare shi, kuma sai sun haɗu duka: hana mutum shiga zai jawo matsanancin ƙunci, shigarsa ba barazana ba ce ga tsaro, kuma shigar tasa tana da amfani ga ƙasar. Babu fom na musamman da ake cikewa, jami'in biza ne yake dubawa. Abin da ke hannunka kawai shi ne ka tara hujjoji. Ni na taya ƙanwata rubuta wasiƙarta. Na yi karatun Larabci, na yi jami'a, amma a daren nan alƙalami ya yi mini nauyi. Da wace hujja mace za ta tabbatar wa wanda bai san ta ba cewa rabuwa da miji ƙunci ne? Wace takarda ce za ta nuna yaron da ya san ubansa a allon waya kaɗai, yana leƙa bayan wayar ko zai same shi a can?

Wahalarmu ma ƙarama ce a kan ta wasu. A Disambar 2018 wata uwa 'yar Yaman ta nemi shiga don ta ga ɗanta mai shekara biyu da ke kwance rai a hannun Allah a wani asibiti a jihar Kaliforniya. Ba ta samu sassauci ba sai da jaridu suka ɗauki labarin. Ta isa, bayan kwanaki kaɗan yaron ya rasu. Allah Ya ba ta ladan haƙuri.

Amma 'yan'uwa, abin da ya fi ci mini rai daga cikin gida ya fito. Wata uku ba a yi ba aka fara raɗa a gidajen suna cewa mijin ya auri Baturiya, shi ya sa ya ƙi ɗaukarta. Wani ɗan acaɓar biza, irin masu kiran kansu ejan, ya zo har zaurenmu ya ce zai nema mata bizar ziyara a matsayin marar aure. Na sallame shi, domin ƙarya haramun ce, kuma a dokarsu wanda aka kama ya yi ƙarya a neman biza ana iya hana shi shiga har iya rayuwarsa. Sai kuma wani baffan mijin ya kawo shawara: tunda yaron yana da fasfo, a tura shi wajen ubansa, uwar ta biyo baya in hanya ta buɗe.

Da ƙanwata ta ji haka ta zo ɗakina ta ce, "Yaya, ashe shi ma za su raba ni da shi?" Sai na ga darasin da nake karantarwa ya shigo gidanmu da ƙafarsa: miji a wani gari, uwa a tsare, dangin uba suna miƙo hannu ga ɗa. Washegari na je na durƙusa gaban baffan, na ce, "Baba, a yi haƙuri a bar mata yaron, shi kaɗai ne abin da take dubawa ta ji sanyi." Dattijo ne mai hankali, ya janye maganarsa.

Ranar 20 ga Janairun 2021 Shugaba Joe Biden ya soke takunkumin. Aka sake duba fayil ɗinta, ta sake gwajin likita domin na farko ya daina aiki, kafin ƙarshen shekarar ta tafi da ɗanta. Sassaucin da muka rubuta wa wasiƙa bai taɓa zuwa ba.

Kada ku ɗauka labarin ya wuce. A Yunin 2025 aka sake fito da jeri, ƙasashe 12 aka rufe musu ƙofa gaba ɗaya, har da Cadi da Sudan, wasu 7 aka taƙaita musu. A wancan karon an keɓe matan aure da 'ya'ya da iyayen 'yan ƙasar Amurka. A Disambar 2025 aka faɗaɗa jerin, Nijar ta shiga cikin waɗanda aka rufe wa ƙofa, Najeriya cikin waɗanda aka taƙaita wa, aka kuma cire wancan keɓewa na iyali.

Ba mu da iko a kan abin da ake sa wa hannu a Washington, amma muna da iko a kan harsunanmu da ƙafafunmu. Ummu Salama ta samu mafita ne da wani ɗan'uwanta ya tausaya ya yi wa dangi magana, sannan Usmanu ɗan Ɗalha, wanda a lokacin bai ma musulunta ba, ya ja mata raƙumi har Ƙuba. In akwai mai jira a danginku, ku kame baki daga zato, ku kai ziyara, wanda ya iya Turanci ya taimaka da karatun takardu, a adana kowace shaida, a nemi lauya na gaskiya, a guji ƙarya komai tsananin matsi. Wanda kuma yake shirin aure daga nesa ya faɗa wa yarinya da iyayenta gaskiya tun farko, cewa jiran zai iya kai shekaru.

Allah Ya haɗa kowane miji da matarsa, kowace uwa da ɗanta, cikin alheri. Amin.

Wassalamu alaikum.