Fatawar 'yar shekara huɗu

Tun ina yaro na haddace Ahalari. Da za ka tashe ni cikin barci ka tambaye ni hukuncin mai waswasi a salla, da na zayyano maka shi tsaf, cewa ya yi watsi da waswasin, kada ya koma kan abin da yake kokwanto, ya yi sujadar ba'adi ya tashi. Na fara da wannan ne don kada wani ya ce jahilci ya ja ni. Da karatuna na faɗa ramin, ido buɗe.

Abin ya soma ne a wata sallar magariba, ina sujada. Wata kalma ta faɗo mini a rai game da Ubangiji, irin wadda ko a takarda ba zan rubuta ba. Na sallame jikina na rawa, na sabunta kalmar shahada, na sake sallar. Washegari ta dawo, jibi ma haka. Kafin wata ya zagayo na zama mai gadin bakina, ina salla leɓe a datse don kada harshe ya motsa da ita. Sai tambaya ta haifi tambaya. Na furta ko ban furta ba? In na furta, na yi ridda ke nan? To ina matsayin aurena? Da tsakar dare nakan lallaɓa banɗaki in yi wankan shiga Musulunci, ina zuba ruwan a hankali don kada maman yara ta ji.

Da abin ya ishe ni na je zauren wani dattijon malami a unguwarmu, na jira almajirai suka watse, na durƙusa na ce, "Allah gafarta Malam, wani abokina ne ke cikin wani hali." Ya yi murmushi, ya bar ni da abokina. Ya kawo mini hadisin da ke cikin Sahih Muslim, na sahabban da suka kai wa Manzon Allah (SAW) kukan abin da ke faɗo musu a rai wanda ba sa iya furtawa, ya shaida musu cewa wannan ƙyamar da suke ji ita ce tsantsar imani. Na fito zauren nan sakayau. Ranar na ci tuwo har da ƙari.

Da na tsaya a nan, da babu labari. Amma bayan kwana biyu zuciya ta ce, "Ai ba ka faɗa masa dalla-dalla ba. Naka daban ne." Na koma da ɗan ƙarin bayani, ya ba ni amsar jiya. Da kunyar komawa ta kama ni, na canza malami. Na bi masu amsa tambayoyi a rediyo, na tura saƙo a WhatsApp ga duk wanda aka ce ya yi karatu, na tara muryoyinsu a waya ina saurare kafin in tayar da kabbara. Duk bakinsu ɗaya. Ni kuwa a raina neman ilimi nake yi, har ina ɗan jin kaina a matsayin mai tsantseni, ina kallon masu salla su tashi ba fargaba a matsayin 'yan ganganci. Sauƙin da amsa ke ba ni ya fara da kwana biyu, ya koma yini, ya koma tsakanin azahar da la'asar.

Daga nan na yi babbar wautar, na ɗauki matata aiki. Na daina zuwa jam'i, ina salla a ɗaki, ita kuma tana zaune kusa tana kasa kunne. Da na sallame sai in juyo: "Kin ji na ce wani abu?" Ta ce, "Ba ka ce komai ba, Baban yara." "Kin tabbata?" "Wallahi na tabbata." Baiwar Allah, a ganinta jinya take yi.

Wata la'asar tana madafa, miya na kan wuta. Na sallame, zuciya na dukan uku-uku, na juya babu kowa sai 'yar autarmu, shekararta huɗu, tana zaune a bakin gado tana lasar alawa. Ban buɗe baki ba ta cire alawar ta ce, da irin muryar uwarta, "Baba, ba ka ce komai ba. Wallahi na tabbata."

Kuma na ji sanyi. Wannan ne abin da har yau nake jin kunyarsa. Ƙirjina ya saki, numfashi ya daidaita, daidai yadda ya yi a zauren dattijon nan mai shekaru hamsin yana karantarwa. Yarinyar da ba ta gama Fatiha ba ta ba ni fatawa, na karɓa hannu bibbiyu. Na zauna kan dardumar ina jujjuya abin. In ilimi nake nema, me ta sani da za ta ƙara mini? Ashe tun amsar farko na gama samun ilimin, duk sauran susa ce irin ta mai ƙazuwa, daɗi a lokacin, gyambo daga baya. Ga shi har na koya wa ɗiyata cewa salla abu ne da ake fitowa daga cikinsa a tsorace.

Likitan ƙwaƙwalwar da na gani daga baya bai ko ɗaga gira ba da na kwashe labarin. Ya ce lalura ce sananna, OCD suke ce mata, tana kama kusan mutum biyu cikin ɗari, kuma takan cafki abin da mutum ya fi ƙauna: mai addini a addininsa, mai jego a jaririnta. Ya ba ni labarin binciken Stanley Rachman da Padmal de Silva na 1978, inda kusan kashi 80 cikin ɗari na lafiyayyun mutanen da suka tambaya suka amsa cewa munanan tunani na faɗo musu. Wato mutanen sahun da nake raina wa tsantseni su ma abin na ratsa su, wucewa kawai yake yi don ba su tare shi da shari'a ba. Ni kuwa duk tambayar da na yi, shaida nake ba ƙwaƙwalwata cewa haɗarin gaskiya ne, sai ta ƙara ƙaimi.

Maganin da ya ɗora ni a kai ya samo asali ne daga aikin Victor Meyer a Landan a 1966: ka bar tunanin ya zo, ka ƙi yin abin da ya umarce ka, ka zauna da fargabar har ta sauka da kanta. Babu sake salla, babu wankan dare, babu muryoyin waya. Ya haɗa mini da ƙwayar fluoxetine, ya gargaɗe ni cewa takan ɗauki mako takwas zuwa goma sha biyu kafin a ga aikinta sosai. Ina sauraronsa ina jin Ahalarin da na haddace a bakin likita.

Mafi wuya shi ne sallamar matata daga aiki. Likita ya ce in na tambaye ta, ta ce kawai, "Mun yi alkawari." Ranar farko na yi fushi har na ƙi cin abincinta, na zarge ta da rashin tausayi. Na koma masallaci gumi na keto mini a sujada. Makonni suka shuɗe kafin fargabar ta fara gajiya.

Tunanin bai daina zuwa ba, sai dai yanzu yakan zo ya tarar ina da aikin yi. Wayon ma bai mutu ba. Kwanan baya muna cin abincin dare na ce mata, kamar da wasa, "Wai ni kam wani abokina ne yake tambaya ko..." Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Ka gaida abokin naka, ka ce masa mun yi alkawari."