Garejin Tsofaffin Tantan a Kura

Wanda ya bar Kano ya kama hanyar Zariya zai ratsa Kura, ƙasar shinkafa da alkama da tumatir, inda ruwan madatsar Tiga ke shayar da gonaki rani da damina. A bayan wani injin casar shinkafa, ƙarƙashin darbejiya, akwai garejin da na ziyarta. Ƙasar wurin ta yi baƙi ƙirin da baƙin mai, ga tayoyi da garmuna a jingine. A tsakiya wata Massey Ferguson 135 ce tsaye, jan fentinta ya koɗe. An ƙera irinta daga 1964 zuwa 1975, da yawansu a garin Kwabantiri na Ingila, ke nan ta girmi yaran garejin nesa ba kusa ba.

An kawo ta ne don ta ƙi tashi da makulli. Mai ita ya daɗe yana tayar da ita da ja ko a gangare, domin injin Perkins mai silinda uku da ke cikinta na dizal ne, in ya kama ba ya neman wuta. Wannan jimiri shi ke sa a yi watsi da wayoyinta har ɓera da rana su cinye su.

Mai wayarin, dattijo ne mai ƙarancin magana, bai taɓa sitata ba tukuna. Batir ya fara aunawa: lafiyayye kan nuna kusan bolt 12.6. Ya kankare farin garin da ya taru a kawunansa, ya bi kebur ɗin da ke ɗaure a jikin ƙarfen motar ya goge tsatsa da samfefa. Ya ce mini akasarin abin da ake ɗora wa sitata, datti ne a mahaɗa. Daga nan ya ɗauko ƙwan fitila mai wayoyi biyu yana dangwalawa gaɓa-gaɓa, yaronsa na murza makulli yana cewa, "Maigida, ta kawo?" Wutar ta tsaya a ɗan makunnin da ke kan giyabos, wanda ke hana motar tashi sai ƙaramin sandan giya yana kan S.

Nan ya burge ni. Wasu sukan haɗe wayoyin makunnin biyu su wuce, ko su gitta sukudireba a kan sitata suna tsaye gaban babbar tayar baya. In motar tana cikin giya, kansu za ta bi. Shi kuwa ya aika a sayo sabon makunni.

Ya duba caji kuma. Dainamo ce ta Lucas mai kawuna biyu, D da F, da akwatin daidaita wuta. Da injin ya tashi awo bai kai bolt 14 ba, sai ya sauya mata burushi ya ɗame bel. Ya ja hankalina cewa a wasu tsofaffin motocin Ingila kan batir mai alamar + ake ɗaurewa a jikin ƙarfe, wanda ya saka altaneta bai juya ba zai ƙona ta nan take.

Masu tantan, kafin damina ta faɗi ku kai a duba wayarin, kuma kada ku yarda kowa ya cire muku makunnin giya.