Burodin Ɗan Dakwaro

Ni tsohon malamin lakwal ne daga Maraɗi. Yau ina so in ba ku labarin wani aiki da na yi ina saurayi, wanda har yanzu bai fita raina ba.

A damanar 1978, lokacin babban hutu, aka ɗauke ni cikin masu kula da yara a koloni. Koloni shi ne wurin da ake tara ƴan lakwal daga garuruwa dabam dabam, su yi makonni tare, su ci, su yi wasa, su ga ƙasarsu. Namu a Yamai aka yi shi, cikin wata makarantar kwana. Aka ba ni yara maza 12.

Mun taso daga Maraɗi da asuba cikin kamiyo. Tafiyar ta fi kilomita 600. Muka bi ta Madawa, Birnin Ƙonni, Dogon Dutsi da Doso. Yaran suka yi ta waƙa har muryarsu ta dushe. Kafin Doso duk sun yi barci, wani kan kafaɗar wani.

Kwanakin farko sai dariya. Yaranmu ba su jin Zabarmanci, yaran Yamai da yawa ba su jin Hausa sosai. Amma da aka jefa balo a fili, ba wanda ya nemi tafinta. Ran Lahadi kuwa ranar nibakin ce, maganin zazzaɓin da ake ba yara a wancan zamani. Saboda ɗacinsa, sai na duba ƙarƙashin harshen kowa.

Mun kai su gadar Kennedy, wadda aka buɗe a 1970. A lokacin ita kaɗai ce gada bisa kogin Kwara a Yamai. Watan Agusta ne, ruwa ya yi ja. Wani yaro ya riƙe mini riga, ya ce: "Mushe, wa ke da wannan ruwa duka?" Mun kai su gidan tarihi kuma. Suka ga zaki da kura da dorina. Suka ga busasshen icen Tenere, wanda mota ta kayar a 1973 aka kawo shi nan. Suka yi ta mamaki, wai ice ma an yi masa ɗaki.

Cikin yarana akwai wani siriri, shekararsa 11, ba ya yawan magana. Ƴan uwansa suna ce masa Ɗan Dakwaro, don daga can ya fito. Kullum shi ne farkon tashi, shi ne ke share ɗaki ba a sa shi ba.

Wata safiya shugaban koloni ya ce burodi yana ɓacewa a ɗakin ajiya, kowa ya bincike yaransa. Na ɗaga katifu ɗaya bayan ɗaya. Ƙarƙashin ta Ɗan Dakwaro na tarar da ƙunshi cikin tsohuwar riga. Na kwance. Gutsattsarin burodi ne, wasu sun bushe, wasu sun yi fumfuna saboda danshin damana.

Ban tambaye shi kome ba. Na ɗaga ƙunshin sama gaban yara duka, na ce: "Ga ɓarawonmu!" Yara suka fashe da dariya. Shi kuwa bai yi kuka ba, bai ce uffan ba. Ya tsuguna ya tattara burodinsa.

Da dare na zo ƙidayar yara, na samu 11. Na sake ƙidaya, 11. Jama'a, ban taɓa jin tsoro irin na wannan dare ba. Muka ɗauki fitilu, muka duba bayan ɗakuna, muka duba filin wasa. Zuciyata ba ta tuna kome sai jan ruwan nan na kogi. Ɗan mutane ne, amana ce aka ba ni. Me zan faɗa wa uwarsa?

Na shiga madafa ko ya ɓuya can. Sai tsohuwar da ke dafa mana abinci, wata Ba'adara, ta dube ni ta ce: "Ɗana, ka ƙidaya gutsattsarin nan?"

Na ce: "A'a, Inna."

Ta ce: "Ni na ƙidaya sa'ad da yake tattarawa. Goma sha ɗaya ne. Yau kwananku nawa a nan?"

Na yi shiru. Kwananmu 11.

Ta ce: "Kullum ina ganinsa. Rabi yake ci, rabi ya sa a aljihu. Rabonsa ne. Wanda ya ɓoye nasa ba ɓarawo ba ne."

Da asuba wani yaro ya zo da saƙo daga wani mai shayi kusa da tasha. Na ruga. Na tarar da Ɗan Dakwaro zaune kan benci, ƙunshinsa bisa cinya. Mai shayin ya ce ya gan shi tsakar dare yana tambayar hanyar Doso. Da ƙafa zai koma gida, tafiyar da ta fi kilomita 700! Mutumin ya ba shi shayi, ya lallashe shi har ya faɗi inda ya fito. Allah ya saka wa bawan Allahn nan da alheri.

Na zauna kusa da shi na ce: "Wa kake ajiye wa burodin?"

Ya ce: "Ƙanwata, Mushe. Ba ta taɓa ci ba."

Sannu a hankali ya ba ni labari. A farin 1973 da 1974 dabbobinsu suka ƙare. Suka taso kudu da ƙafa, yana ɗan shekara 6. Ƙanensa ya rasu a hanya. Tun daga nan, in ya samu abinci, ba ya iya cinyewa duka. Ni ma na ga wannan fari, amma daga cikin gari na gan shi, da tuwona a kwano.

Da muka koma, na tara yaran a wurin da na kunyata shi. Na ce: "Jiya na yi kuskure. Wannan yaro bai saci kome ba. Ina roƙonsa gafara." A zamaninmu malami ba ya faɗin haka gaban ɗalibai. Bakina ya yi nauyi, amma na faɗa. Bayan kwana biyu aka gane ashe kuskuren lissafi ne, ba burodin da ya ɓace.

Inna ta ce masa burodi ba ya jiran mako uku, ya riƙa cinye nasa, ita ta ɗauki nauyin ƙanwar. Ranar komawa ta ba shi sabon burodi biyu. Yaran da suka yi masa dariya suka tara masa sukari da biskit daga rabonsu, ba wanda ya sa su. Har muka isa Maraɗi bai sauke ƙunshin daga cinyarsa ba.

Na yi shekaru da yawa ina koyarwa bayan wannan. Duk ranar da aka kawo mini ƙarar yaro, sai in tuna da Inna, in ƙidaya tukuna. Iyaye da malamai, ku tambayi yaro kafin ku yanke masa hukunci. Tambaya ba ta cin ko dala.

Allah ya raya mana zuri'a. Sai wani jiƙon.