Aksul ɗin Motar Ƙungiya da Kunyar da Ta Karya Shi



A taronmu na ƙarshen wata an nemi mu rubuta abin da ya faru da motar ƙungiya, domin waɗanda ba su samu zuwa ba su ji daga bakinmu, kada su ji a majalisa. To ga shi, kuma ba za mu ɓoye namu laifin ba.

Kowa ya san yadda aka sayi a-kori-kurar nan. Karo-karo aka yi, daga masu shago a Sabo har 'yan dako a Bodija da masu sayar da gwari a Akinyele. Babban dalilin sayenta shi ne jana'iza. Mun gaji da yawon neman mota duk ranar da aka yi mana rasuwa a nan Badun, ana cinikin kuɗin haya gawa na kwance. Aka amince cewa ranakun da ba ta da wannan aiki, 'yan ƙungiya su riƙa hayarta da sauƙi suna ɗaukar kaya, kuɗin ya riƙa ciyar da ita. A wurin dila muka saya, da garanti a kan inji da giya da aksul, bisa sharaɗin a riƙa kai ta sabis garejinsu a kan lokaci.

Farkon abin, direbanmu ne ya zo ofis ya ce yana jin gurnani daga baya, kuma ƙarar tana ƙaruwa idan ya sha kwana da kaya. A lokacin azumi ya kusa, haya na shigowa, sai muka ce ya lallaɓa zuwa bayan Sallah. Ya sake dawowa ya ce ya ga mai yana jiƙa cikin tayar baya ta hagu. Nan ma muka ce ya yi haƙuri. Sai da birkin wannan ɓangaren ya fara santsi sannan muka kai ta wurin dila.

Ta yi mako uku a can. Suka ce boris ɗin ƙafar ya ci, sil ɗin da ke tare mai ya mutu, shi ya sa man ya gangara cikin birki. Suka canza, muka sa hannu, muka ɗauko mota. Ba mu nemi su nuna mana tsofaffin kayan da suka cire ba. Ba mu kuma yi tambayar da ta fi kowace muhimmanci ba: me ya cinye boris a motar da ba ta tsufa ba?

Bayan wata biyu, a hanyar Oyo, tana ɗauke da albasa, sandar da ke juya wannan tayar ta karye. Taya ta zare da gangar birkinta, gindin mota ya daki kwalta. Allah Ya tsare, direba ba gudu yake yi ba, kuma babu babbar mota a bayansa. A wannan makon ne aka yi mana rasuwar ɗaya daga cikin dattawan da suka fi kowa ba da gudummawa wajen sayen motar. A bas ɗin haya da aka cire wa kujeru muka kai shi makwancinsa. Wannan ya fi kuɗin gyaran yi mana ciwo.

Da muka janyo ta zuwa wurin dila, sai suka ce garanti bai hau ba. Hujjarsu uku: an wuce lokacin sabis sau biyu, man aksul ya gauraya da ruwa, kuma an ƙara wa motar ganyen sifirin, alamar ana yi mata lodin da ya fi ƙarfinta. Taron da ya biyo baya bai yi daɗi ba. Wasu suka ce dila macuci ne, wasu suka ce direba ne mai ganganci a sallame shi, wasu kuma suka fara raɗe-raɗin cewa kwamiti ya ci kuɗin gyaran farko.

Shugaba ya ba da shawarar a nemi wanda ba shi da riba a maganar. Muka ɗauko wani dattijon bakanike Bayarabe daga Gate, wanda ya shekara da shekaru yana aikin aksul. A gabanmu ya kwance shi, kuma abin da ya nuna mana ya kamata duk mai a-kori-kura ya sani.

A irin waɗannan motoci, sandar da ke juya tayar baya ita ce kuma ke ɗauke da nauyin kaya, a kan boris guda da ke bakin kwankwason aksul. Ba kamar manyan motoci ba, inda kwankwason ke ɗaukar nauyi, sanda kuma juyi kawai take yi. Don haka duk buhun da aka ƙara, a kan sandar nan da boris ɗinta yake sauka, kuma idan ta karye taya na iya zarewa gaba ɗaya. Ya ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a jikin kwankwason, muka gani da idonmu ya lanƙwashe ta hagu. Ya ce wannan lanƙwasar ce ta ci boris na farko, ta ci na biyu, kuma ko goma aka sa za ta cinye su. Ya tsiyaye man, ya fito fari-fari kamar kunu. Ya nuna mana wata 'yar ƙofar shan iska a saman aksul, ya ce idan ƙarfe ya yi zafi aka shiga da shi ruwa mai zurfi, ta nan yake zuƙo ruwan. Duk wanda ya san yadda titunan Badun ke cika da damina ya san motarmu ta sha shiga.

Muka tambaye shi, "To Baba, laifin wa ke nan?" Ya ce dila ya yi gyaran rabi, domin wanda ya ga boris ya mutu da wuri ya kamata ya auna kwankwaso kafin ya sa sabo. Amma ba dila ne ya lanƙwasa shi ba.

Daren nan muka buɗe littafin haya. Takardar motar ta ce nauyin da za ta ɗauka bai wuce kilo 1,000 ba, har da direba da wanda ke zaune kusa da shi. Buhun shinkafa mai kilo 50 guda 20 ya riga ya cika shi. Buhun masara mai kilo 100 kuwa, goma ma sun yi yawa idan aka lissafa mutane. A littafinmu mun ga ranar da aka ɗora buhu 16 na masara, mun ga ta 18. Mu ne muka karɓi kuɗin, mu ne muka rubuta rasit. Da motar ta fara durƙusawa, mu ne muka amince a ƙara mata sifirin. Sifirin kuwa ɗaga baya kawai yake yi, ba ya ƙara wa sanda ko boris ƙarfi. Abin da ya yi mana shi ne ya ɓoye alamar da ke gargaɗinmu.

Me ya sa muka bari? Kunya. Idan Alhajin da ya ba da kaso mai tsoka ya ce a ƙara masa buhu huɗu don kada a yi sawu biyu, wa zai ce masa a'a? Direba yaro ne a gabansa. Mu kuma 'yan kwamiti muna gudun a ce mun mayar da motar jama'a tamu. Kowa ya ƙara nasa kaɗan, babu wanda ya ga kansa a matsayin mai laifi. Laifi tudu ne, mun taka namu muna hango na dila.

Duk da haka ba mu bar musu nasu ba. Mun rubuta musu wasiƙa, muka haɗa da takardar aikin gyaran farko, wadda babu inda ta nuna an auna kwankwaso. Muka sanar da su cewa idan ba a daidaita ba za mu kai koke hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu saye, wato FCCPC. A ƙarshe suka yarda su yafe kuɗin aiki, mu kuma mu kawo aksul. Sabo ya fi ƙarfin asusunmu, sai Ma'aji da bakaniken suka tafi Ladipo a Legas suka samo na hannu. Kafin a biya, ya buɗe ya ƙirga haƙoran babban giya da na ƙarami, domin motarmu mai jan ƙafa huɗu ce, kuma idan lissafin haƙoran baya bai zo daidai da na gaba ba, wata ɓarnar za a sayo. Duk rasit na ofis ga mai son dubawa.

Ga abin da taro ya zartar. An rubuta iyakar lodi a jikin motar, an cire sifirin da aka ƙara. Direba yana da ikon ƙin ɗaukar abin da ya wuce, ko kayan Shugaba ne, kuma wanda bai gamsu ba ya zo ofis, kada ya tsaya jayayya da shi a kasuwa. Duk ƙorafin da ya kawo za a rubuta da kwanan wata, a duba cikin kwana uku. Za a riƙa duba man aksul duk bayan an ratsa ruwa mai zurfi. Duk inda aka kai gyara, a wurin dila ko a bakin titi, sai an dawo mana da tsohon abin da aka cire, an kuma rubuta dalilin lalacewarsa.

Saura abu ɗaya. Direbanmu ya faɗa mana sau biyu, ba mu saurara ba, sannan muka zauna shiru ana kiran a kore shi. Mun ba shi haƙuri a ofis, muna kuma sake ba shi a nan inda kowa zai gani.

Motar ta dawo aiki ranar Litinin. Mai buƙatar haya ya tuntuɓi ofis kamar yadda aka saba, kuma wanda kayansa suka wuce iyaka ya shirya biyan sawu biyu.

Allah Ya jiƙan dattijonmu da sauran magabatanmu, Ya ƙara haɗa kanmu.

Sakataren ƙungiya, a madadin kwamiti.