Kwana Uku A Tsibiri

Ya ku 'yan makaranta, kun sha ji a darasin labarin ƙasa cewa tsibiri shi ne tudun da ruwa ya kewaye. Mu ma haka muka haddace. Amma mu mutanen Gumel, ina muka taɓa ganinsa? Ƙasarmu rairayi ce, rijiyoyinmu kuwa sai an ƙulla igiya da igiya kana guga ya taɓa ruwa. Wanda ya tashi tsakanin Sule Tankarkar da Gagarawa, tabkin damina shi ne tekunsa.

To, da aka ba da hutu bayan kaka, muna cikin kasuwar Maigatari ran Alhamis, ƙura da kukan raƙuma sun ishe mu, sai muka yi shawara mu tafi fadamar Nguru, inda kogin Haɗeja ke malala, mu huta. Muka bi ta Malam Madori da Birniwa. A bakin ruwa wani dattijo masunci ya ɗauke mu a kwalekwale. Kada mu ɓoye muku, ko wannenmu ya ƙanƙame bakin jirgi yana salati, shi kuwa sai dariya ya ke yi, yana tura gora.

Tsibirin bai fi gonar mutum guda ba: bukkoki shida, da goruba 'yan kaɗan. Babu ƙugin mota, babu mai talla. Da asuba sai tsuntsayen da ke gudo wa sanyin Turai, su ƙetaro hamada, su rufe ruwa. Sauro dai ya karɓi harajinsa, amma ba mu kai ƙara ba.

Kashegari muka lura, cikin bukkokin nan biyu kaɗai ke fid da hayaƙi. Duk da haka muka ce, "Baba, lalle Allah ya ba ku wurin hutawa."

Ya daɗe yana ɗinkin komarsa, sa'an nan ya ce, "Samari, da, nan ba a jin maganar juna saboda masu sayen kifi."

Ashe shirun da muka zo sha, shi ne ciwonsa. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, ruwa ya bar zuwa bisa al'adarsa, watau ya cika da damina ya janye da rani. Da ya zauna wuri ɗaya, sai ciyawar kacala ta toshe hanyoyin jirage, jan-baki ya sami masauki a cikinta, yana cinye shinkafa. 'Ya'yan dattijon duk sun tafi Kano neman abinci.

Kai, muka ji kunya! Rana ta uku muka ari lauje, muka shiga ruwa iyakar gwiwa, muka taya shi yankan kacala har la'asar. Hannuwanmu suka yi kanta, abin da muka share kuwa bai fi tsawon jirgi uku ba. Daren nan ko sauro ba mu ji ba don barci.

Da safe ya fishe mu gaɓa, ya ƙulla mana busasshen kifi, ya ƙi karɓar ko kwabo. Ya ce in mun bi ta Kano mu gaishe da yaran.