Ganawar neman aikin tsara manhaja da matashin Kontagora

Tun daga shekarar 2023, lokacin da Ma'aikatar Sadarwa ta Tarayya a ƙarƙashin minista Bosun Tijani ta ƙaddamar da shirin 3MTT domin horar da matasa miliyan uku a fannonin fasahar zamani, sana'ar tsara manhaja ta shiga bakin masu neman aiki har a garuruwa irin su Kontagora. Mai tsara manhaja shi ne wanda ke yanke yadda manhaja za ta kasance a hannun mai amfani da ita, wato inda maɓalli zai zauna, da abin da za a rubuta a kansa, da yawan matakan da mutum zai bi kafin ya tura kuɗi, alhali rubuta umarnin da ke motsa ta aikin injiniya ne.

A yawancin kamfanonin fasaha, na Legas da na ƙetare, ganawar neman wannan aiki hawa-hawa ce, kuma galibi ta bidiyo ake yin ta. Ana farawa da gajeriyar hira da jami'in ɗaukar ma'aikata, sai gabatar da kundin ayyukan baya, sai gwajin aiki, daga ƙarshe a tattauna da injiniyoyi da manajan da za a yi aiki tare da su.

Mataki na biyu shi ne zuciyar al'amarin, kuma a nan ne matasa da dama ke tuntuɓe, domin sukan cika kundinsu da zanen manhajar odar abinci da suka kwaikwaya daga darussan YouTube, launi ya yi kyau, rubutu ya daidaita, amma babu wani mutum na haƙiƙa a bayan zanen. Masu tambaya kuwa ba adon Figma, wato manhajar da ake zana fasalin da ita, suke aunawa ba. Suna son jin matsalar wa aka warware, da wa aka zanta kafin a ɗora hannu, wace dabara aka jefar kuma saboda me. Abin takaici shi ne amsar waɗannan tambayoyi tana zaune a kasuwar Kontagora. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, wanda ya biyo bayan sauya fasalin naira, ya tura 'yan kasuwar hatsi da dillalan dabbobi ga taransfa da masu POS, cikinsu akwai wanda karatunsa na ajami ne, akwai Bakambare ko Bafillace da Hausa ce harshen cinikinsa, akwai mai ƙaramar waya da ba ya iya tura kuɗi sai ta danna lambobi, ga kuma mai buhunan masara da ya riƙe kayansa yana jiran alat yayin da sabis ya ɗauke. Masanin wannan fanni, Jakob Nielsen, ya nuna a 2000 cewa gwada fasali a kan mutum biyar yana fito da mafi yawan matsalolinsa, don haka matashin da ya zauna da irin waɗannan mutane biyar, ya ga inda suka rikice, ya gyara zanensa ya sake kai musu, yana riƙe da ilimin da kamfanoni irin su Moniepoint da OPay ke buƙata, tunda a irin wannan kasuwa na'urorinsu suke aiki.

Sai dai akwai wani cikas da tarbiyya ke haifarwa. An raini Bahaushe a kan cewa yabon kai jahilci ne, saboda haka yakan ɓoye rawar da ya taka a bayan abokan aikinsa, mai tambaya kuma ya ɗauka bai yi komai ba. Bayyana shawarar da mutum ya yanke da kansa, da dalilinta, da inda ta gaza, ba fahariya ba ce, shaida ce da aka nema daga gare shi, kuma ladabi ba ya hana a bayar da ita cikakkiya.

Gwajin aiki iri biyu ne: ko a ba mutum matsala ya warware ta nan take yana faɗin tunaninsa a bayyane, ko a ba shi aiki ya tafi da shi gida na 'yan kwanaki. Na biyun yana da nauyin da kamfanoni ba su cika lura da shi ba, domin a jihar da ke da madatsun Kainji da Shiroro ma wutar lantarki ba ta da tabbas, mai neman aiki kuma shi zai sayi data da man janareta ba tare da an biya shi ko kwabo ba. Yana da haƙƙin tambayar sa'o'i nawa ake sa ran aikin zai ci da yadda za a auna shi, idan kuma abin da aka ba shi matsala ce ta ainihin manhajar kamfanin, ya dace ya nemi a biya shi ko a sauya masa wata.