Kowa da Yadda Yake Ɗaukar Kayansa

Gajeren labarin Kurt Vonnegut, "Harrison Bergeron", wanda ya fito a 1961, ya kai mai karatu Amurka ta shekarar 2081, inda doka ta tilasta daidaito: mai ƙarfi a rataya masa nauyi, mai basira a liƙa masa rediyo a kunne tana tarwatsa masa tunani.

Marubucin ya bar kowa ya tona halinsa ta yadda yake ɗaukar kayansa. Da Hazel ta ga mijinta George ya galabaita, sai tausayi ya sa ta ce ya rage ƙwayoyin darmar da ke jakar wuyansa. Ya ƙi. Yana tsoron ɗauri da tara, amma abin takaicin shi ne har kare dokar yake yi, alhali ita ke azabtar da shi. Ɗansu Harrison, mai shekara 14, ya yayyage nasa kayan a talabijin, sai dai tun kafin nan ya shelanta kansa sarki. Ashe shi ma mulki yake nema.

Aka harbe shi. Mahaifiyarsa ta gani, ta yi kuka, kafin hawayen ya bushe ta manta dalili.